Yadda Ake Haɗa Bindigar Feshin Fenti da Aiki da Ita Ba Tare da Ka Cuci Kanka Ba

Duk wanda ya taɓa shafa hannunsa a jikin ƙofar da aka yi wa fenti da buroshi, sannan ya shafa wadda aka fesa, ya san bambancin ba sai an gaya masa ba. Buroshi komai ƙwarewar mai shi sai ya bar sawu. Ita kuwa bindigar feshi farfasa fentin take yi ya koma ɗigo-ɗigo ƙanana kamar hazo, su sauka a jikin abu su haɗe da juna su kwanta sumul. Wannan hazon shi ne sirrin kyan aikin, kuma shi ne dai abin da ke shiga huhu, shi ne ke kama wuta. Wanda ya riƙe wannan a ransa, sauran bayanin zai zo masa da sauƙi.

Asalin na'urar ma abin lura ne. Wani likita a garin Toledo na jihar Ohio a Amurka, Allen DeVilbiss, shi ya ƙera 'yar na'urar fesa magani a maƙogwaron marasa lafiya a shekarar 1888. Ɗansa Thomas ne ya juya dabarar zuwa feshin fenti a 1907. Wato kakar bindigar da ke hannunka, an yi ta ne domin ta kai ruwa can cikin maƙogwaro, kuma jikanyar ba ta manta da sana'ar gidansu ba.

Ka fara sanin wace iri ce a hannunka

Bindigogin da ke aiki da iskar kwamfuresa kashi biyu ne ta fuskar kofi. Akwai mai kofi a sama, fenti na gangarowa da nauyinsa, akwai mai gwangwani a ƙasa, iska ce ke zuƙo shi. Mai kofi a sama ta fi sauƙin wanki, kuma tana shanye fentin har ɗigon ƙarshe, shi ya sa ta fi yawa a hannun masu fentin mota da kayan katako a yau. A cikinsu akwai wadda ake rubuta wa HVLP a jiki, ma'ana tana cin iska mai yawa amma da ƙaramin matsi: a bakin hular iskarta matsin ba ya wuce psi 10, kimanin bar 0.7 (psi da bar ma'aunan matsi ne). Amfanin haka shi ne fenti ba ya dukan jikin abu ya dawo, mafi yawansa yana zama inda aka aike shi. Sai kuma wani jinsi dabam, wanda ba ya amfani da iska sam, famfo ne ke matso fentin ta wata 'yar ƙofa da ƙarfin tsiya. Da shi ake fesa bango da rufin kwano da manyan ƙarafa. Zan dawo kansa daga baya, domin haɗarinsa daban yake.

Sassan da za ka riƙa taɓawa kullum ba su da yawa. Akwai kunama, wadda kake ja. Akwai allura, doguwar da ke toshe bakin fitar fenti. Akwai bakin kansa, wanda masu sana'a ke kira nozul, sai hular iska mai ƙahonni biyu da ke rufe shi. Maɓallan juyawa uku ne: na faɗin feshi, na yawan fenti wanda ke bayan allura, da na iska wanda galibi yake ƙasan mariƙi. Kunamar tana da mataki biyu. Ja kaɗan, iska ce kawai za ta fito. Ƙarasa ja, allura ta janye, fenti ya biyo.

Girman nozul yana rubuce a jikinsa, kuma dole ya dace da kaurin abin da za ka fesa. Milimita 1.2 zuwa 1.4 na kala ne da kiliya ta sama mai sa sheƙi. Firaima, wato fentin shimfiɗa na farko, mai kauri tana son 1.7 zuwa 2.0. Ƙananan bindigogin gyaran tabo suna zuwa da 0.8 ko 1.0. Allura da nozul da hula 'yan gida ɗaya ne, tare ake sauya su. Kada ka aura allurar 1.3 da nozul na 1.8 ka ce ai duk ƙarfe ne.

Kwamfuresa da tiyo

A nan ne sababbin shiga suka fi yin asara. Mutum ya dubi girman tankin kwamfuresa ya ɗauka ya gama, alhali abin dubawa shi ne lita nawa ta iska take iya bayarwa a minti ɗaya. Cikakkiyar bindigar HVLP takan ci wajen lita 280 zuwa 430 a minti. Ƙaramar kwamfuresa za ta ba ka feshi mai kyau na ɗan lokaci, sai tanki ya sauka, matsi ya faɗi kana tsakiyar ƙofa, rabin aikin sumul, rabi kamar fatar kada. Duba takardar bindigarka ka ga abin da take ci, ka tabbata kwamfuresar ta fi haka da ɗan rata. In ƙarama ce kake da ita, nemi bindiga mai cin iska kaɗan, ka kuma raba aikin gunduwa-gunduwa.

Iskar da aka matse tana tara ruwa. Kafin ka fara, buɗe makunnin da ke ƙasan tanki ka tsiyaye shi, haka nan bayan ka gama. Ruwan da aka bari yana cin tankin da tsatsa ta ciki, inda ido ba ya gani. Sa matacin ruwa da mai a kan layin, kuma ka nisanta shi da kwamfuresar da 'yan mitoci, saboda iska mai zafi ba ta sakin ruwanta sai ta huce. Tiyo mai faɗin ciki milimita 8 ko fiye ya fi siririn nan na milimita 6, wanda ke shaƙe iska musamman in yana da tsawo. Tiyon da aka taɓa aiki da shi da injin kwance noti mai shan mai, kada ya kusanci bindigar fenti, ɗigon mai ɗaya ya isa ya ɓata aikin yini. Ga gwaji mai sauƙi: hura iskar tiyon a kan farar takarda na rabin minti. In ka ga danshi ko tabo, gyara kafin ka buɗe gwangwanin fenti.

Sai ɗan geji, wato ma'aunin matsin iska, da ake ɗaurawa a gindin mariƙin bindiga. Kada ka raina shi. Gejin jikin kwamfuresa labarin tanki yake ba ka, ba labarin abin da ya iso hannunka ba. Ita kanta kwamfuresar, a wajen ɗakin feshi ake ajiye ta: injinta na iya yin tartsatsi, kuma ba ka so ta zuƙi hazon fenti ta dawo maka da shi.

Wurin aiki

Tururin tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, ya fi iska nauyi. Ba sama yake tashi ba, ƙasa yake bi yana rarrafe, ya taru a kwari da lungu da ƙarƙashin tebur, ya yi tafiyar da ba ka zata ba har ya tarar da wuta. Kuma ba ya buƙatar zafi kafin ya kama: a cikin sinadaran da ake samu a tina, asiton yana ba da tururi mai kamawa tun a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, toluwin kuma tun daga digiri 4. Don haka sigari, murhu, injin walda, injin gurza ƙarfe, janareto, hita, har makunnin fitila mai tartsatsi, duk a raba su da wurin. Ka faɗa wa maƙwabcin aikinka mai walda cewa za ka fara, kada ka ɗauka ya gani.

Iska ta riƙa shigowa ta bayanka, ta wuce ta kan aikin, ta fita ta gabanka. Kada ka tsaya tsakanin aikin da mafitar iska. Fankar gida da aka kafa a taga tana zuƙo hazo ta cikin injinta ba dabara ba ce, neman gobara ne. In ita kaɗai gare ka, gara ta turo iska mai tsabta daga waje, hazon ya fita ta wata kafa. Ka kuma duba inda yake fita ɗin: tagar wani ce, ko shanyar kaya, ko motar da aka ajiye? Hazon fenti yana tafiya nesa, kuma rigimar da yake jawowa ta fi shi nisa.

Share ƙasa, ka ɗan yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Ajiye abin kashe gobara mai hoda kusa da ƙofa, ba a ƙuryar ɗaki ba. Ruwa ba ya kashe wutar tina, yaɗa ta yake yi. Yara da dabbobi da 'yan kallo su fita. Abinci da ruwan sha ma waje.

Abin da za ka sa a jikinka

Nan zan ɗan daɗe, domin nan ne ake wasa da rai. Takunkumin takarda na ƙura, ko ƙyalle da aka ɗaura a hanci, ba ya tare tururin tina ko kaɗan. Abin da yake yi kawai shi ne ya sa ka ji kamar ka kare kanka. Mafi ƙarancin abin da ya dace da fenti mai tina shi ne takunkumin roba mai matatai biyu, na gawayi mai kama tururi haɗe da mai tare ɗigo. A tsarin Turai ana rubuta masa A2P3, da zanen ruwan ƙasa da fari. A tsarin Amurka na tururin baƙi ne.

Takunkumi mai kyau da bai zauna a fuska ba, da shi da babu duk ɗaya. Bayan ka ɗaura, toshe matatan da tafin hannu ka ja numfashi. Ya kamata ya lotsa ya manne maka. In ka ji iska na shigowa ta gefen hanci, gyara igiyoyin ka sake. Gashin fuska yana hana robar kama fata, ko da ɗan tsiro ne na kwana biyu. Mai gemu abin da ya dace da shi shi ne hular da ke rufe kai duka wadda ake turo wa iska. Gawayin matatan kuma yana ci gaba da shan tururi ko ba a fuskarka yake ba, saboda haka in ka gama ka kulle su a leda ko gwangwani mai murfi. Ranar da ka ji warin tina ta cikin takunkumi, sun riga sun mutu tun kafin ranar.

Sai babban, wato fenti mai hadina, sinadarin da ake haɗawa don fenti ya yi tauri, wanda ake rubuta wa 2K. Hadinar yawancinsu tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ta wurin aiki a duniya. Mugun halinsa biyu ne. Na farko, hanci ba ya jin sa a adadin da yake fara illa, don haka ba abin da zai gargaɗe ka cewa matatarka ta gaji. Na biyu, jiki yana iya yin shekaru yana haƙuri, rana ɗaya ya ƙi, daga nan kuma ɗan kaɗan ya isa ya shaƙe ka, sana'ar ta ƙare ke nan. Shi ya sa hukumar kula da lafiya da tsaron ma'aikata ta Birtaniya ta tsaya a kan cewa mai fesa irin wannan fenti ya sa takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. Hukumar tana kuma jan kunne a kan wata ɗabi'a da kusan kowane mai feshi yake da ita: ɗaga gilashin fuska da an gama, don a duba kyan aiki. Hazon da ya rage a iska a lokacin ba ya ganuwa, amma yana nan, kuma a ɗakin da ba shi da mazuƙar iska mai ƙarfi yakan daɗe. In ba ka da irin wannan kaya da wurin da ya dace, ra'ayina shi ne ka bar 2K ga masu shi, ka yi aiki da fenti mara hadina. Iskar numfashin ma ba daga kowace kwamfuresa ake ɗauka kai tsaye ba, sai ta bi matatai na musamman, domin tana iya zuwa da mai ko hayaƙi mai kisa.

Alamomin da ba a yi musu shiru: tari da dare, ƙirji ya ɗaure, numfashi na ƙara kamar ana fito, ido da hanci na zuba bayan aiki amma su lafa ranar hutu. Je asibiti, ka gaya wa likita sana'arka da irin fentin da kake fesawa. In kuwa kana cikin aiki ka ji jiri ko kai ya sara, ajiye bindiga ka fita nan take.

Ragowar kayan: tabarau mai rufe gefe, safar hannu ta naitiril, riga mai dogon hannu da hula. Fenti mai ruwa ma yana buƙatar takunkumi, rashin wari ba ya nufin huhu na maraba da shi. Kuma ka daina wanke hannu da tina. Tana kwashe maiƙon fata, fata ta tsage, sannan tana ratsawa ta shiga jini.

Shirya jikin abu da dama fenti

Feshi ba ya ɓoye aibi, tona shi yake yi. Wanke maiƙo tukuna, sannan ka goge da sanfefa, in ka juya tsarin sai ka cusa maiƙon cikin ƙarfen. In tsohon fenti ne za ka kankare, musamman na tsofaffin gine-gine da ƙarafa, ka sani yana iya ƙunsar dalma, don haka a jiƙe ake gurza shi, da takunkumi. Rufe inda ba ka so fenti ya taɓa da tef da takarda. Ka share ƙurar ƙarshe da tsumma mai ɗanko dab da fara feshi.

Ma'aunin haɗin fenti da hadina yana jikin gwangwani ko takardar kamfani, misali 2:1 ko 4:1, sai kason tina. Yi amfani da kofin awo mai zane, ka bar awon ido. Tinar da kamfanin ya ce ita za ka sa. Akwai mai saurin bushewa ta lokacin sanyi, akwai mai jinkiri ta lokacin zafi. In kana da kofin gwada kauri, irin DIN 4 ko Ford 4, cika shi ka ƙirga daƙiƙun da fentin zai ɗauka kafin zaren da ke zuba ya tsinke, ka gwada da abin da takarda ta ce. Dama sosai har ƙasan gwangwani, sannan ka tace. Matacin takarda mai maikuron 190, wato awon ƙanƙantar hudojinsa, ya wadatar ga fenti mai tina, mai ruwa kuma an fi sa masa na 125. Kada ka cika kofi fal, kuma ka duba 'yar hudar da ke murfinsa ba ta toshe ba. Fentin da aka sa wa hadina yana da wa'adi, ka dama iya abin da za ka ƙarar.

Saiti a kan kwali

Manna faffaɗan kwali ko takarda a bango. Wannan kwalin shi ne malaminka, kuma ko shekara nawa ka yi a sana'ar ba ka wuce shi ba.

Buɗe maɓallin faɗi gaba ɗaya. Ja kunama zuwa matakin iska, ka saita gejin gindin bindiga tana cikin hurawa, domin da ka saki kunama, allurar gejin za ta hau ta ba ka lissafin ƙarya. Yawancin bindigogin zamani suna son wajen bar 2 a nan, kimanin psi 29, amma abin da ke rubuce a takardar taka shi ne gaskiya. Maɓallin fenti kuma, murɗa shi ya rufe, sannan ka buɗe zagaye biyu, daga nan ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. In ƙahonnin hula suna kwance hagu da dama, feshin a tsaye zai fito, shi ne na tafiyar hannu gefe zuwa gefe. In za ka yi sama da ƙasa, juya ƙahonnin.

Tsaya da tazarar santimita 15 zuwa 20, kusan taƙi ɗaya, ka ja kunama ka saki cikin ƙiftawar ido ba tare da motsa hannu ba. Abin da kake so ka gani shi ne doguwar siffa mai kama da ƙwai da aka miƙe, a jiƙe daidai daga sama har ƙasa, gefenta na dushewa a hankali. In tsakiya ta yi tumbi, fenti ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In tsakiya ta tsuke, sama da ƙasa suka yi nauyi kamar lamba 8, iska ta yi yawa ko fentin ya tsinke. In ɗigon manya ne kamar yayyafi, ƙara iska ko ka ɗan sirka. In siffar ta lanƙwashe kamar jinjirin wata, wata huda ce ta toshe, kuma ga yadda za ka kama mai laifin: juya hular iska rabin zagaye ka sake fesawa. In lanƙwasar ta koma ɗaya ɓangaren, hular ce. In ta tsaya inda take, nozul ne. Bindiga mai tari, tana fesawa tana yankewa, iska ce ke shiga hanyar fenti: nozul bai ɗauru ba, ko kofi ya kusa ƙarewa, ko hudar murfi ta toshe.

Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, ka fesa, ka duba. Na taɓa ɓata kusan awa ina murɗa maɓallai uku tare ina zargin bindiga, ashe busasshen fenti ne ya liƙe hudar murfin kofi. Tsinke ɗaya ya raba gardamar.

Matsin da ya fi dacewa shi ne mafi ƙanƙanta da zai ba ka ɗigo mai laushi. Duk abin da ka ƙara a kan haka, fenti ne kake watsawa a iska kana kuma shaƙa.

Feshin kansa

Bindiga ta fuskanci jikin abu kai tsaye, tazarar kuma kada ta sauya daga farkon layi zuwa ƙarshe. Kuskuren da kowa ke fara yi shi ne kaɗa wuyan hannu kamar mai fifita, sai tsakiya ta sha fenti, gefe ya bushe. Kafe wuyan hannu, ka tafi da kafaɗa da jiki duka, in abin dogo ne ka taka. Fara motsi kafin ka ja kunama, ka ja ta dab da shiga jikin abu, ka sake ta bayan ka fita. Kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi, wato ka saita tsakiyar feshin a kan gefen layin baya. Rataya tiyo ta bayan kafaɗa don kada ya shafi ɗanyen aiki.

Gefuna da lunguna da wuraren wuya ake fara yi, sannan fili. A abin da ke kwance kamar tebur, fara daga kusa da kai ka tafi nesa, hazon zai sauka inda ba ka riga ka fesa ba. Idonka ya kasance a kan sheƙin da ke bin bayan bindiga, ka sa fitila ta gefe don ka gan shi. Shi zai gaya maka ko ka yi sauri ko ka yi nawa.

Hawa na farko ya zama siriri, ba a neman rufewa a nan. Jira lokacin da takarda ta faɗa, sau da yawa minti 5 zuwa 15, har sheƙin ya dushe. In za ka taɓa, taɓa tef ɗin gefe. Hawa biyu ko uku sirara sun fi ɗaya mai kauri. Yanayi mafi daɗin aiki shi ne wajen digiri 20 zuwa 25. A tsakar rana kan ƙarfe mai zafi fenti yana bushewa tun bai kwanta ba, a lokacin laima kuma yana iya yin fari-fari kamar an hura masa numfashi.

In fenti ya zubo ya yi hawaye, kada ka sa tsumma. Bar shi ya bushe sarai, ka goge da sanfefa mai laushi a kan ɗan katako, ka sake hawa. Fuska mai gurje-gurje irin ta ɓawon lemo tana nufin fenti ya yi kauri, ko iska ta gaza, ko ka yi nisa. In ya fito da ƙaiƙayi kamar yashi, ka yi nisa sosai ko tinar ta cika sauri. Ƙananan ramuka masu kama da idon kifi kuwa, mai ne ko silikon, daga tiyo ko daga man goge kaya da aka fesa a kusa.

Mai matsi ba iska

Wannan na'urar tana aiki da matsin da kan kai psi 3,000, wato sama da bar 200. A wannan ƙarfin fenti yana huda fata ya shige cikin nama. Raunin a ido ɗan ɗigo ne kamar sukar ƙaya, da farko ma ba ya zafi sosai, amma a ciki fentin ya bi jijiyoyi yana kashe nama, kuma mutane da yawa sun rasa yatsu saboda sun ce bari a ga gobe. Wanda abin ya sama ya tafi asibiti a take, ya ce fenti ne ya shiga da matsi, ya tafi da gwangwanin ko takardarsa. Aikin tiyata ne na gaggawa. Safar hannu ba ta tare shi.

Saboda haka ba a sa yatsa a bakinta, ba a laluben yoyon tiyo da hannu, ba a cire kariyar bakin. Kashe injin ma ba ya sauke matsin da ke cikin tiyo. Kafin ka taɓa bakin: sa makullin kunama, kashe injin, mayar da matsi ƙasa, cire makullin ka fesa cikin bokitin ƙarfe kana manna ƙarfen bindigar a jikinsa saboda tartsatsin da gogayya ke haifarwa, mayar da makullin, sannan ka buɗe bawul ɗin sauke matsi. Lambar da ke jikin bakin ma tana da ma'ana. A 515, ninka 5 ɗin farko sau biyu, faɗin feshin inci 10 ke nan daga tazarar inci 12, 15 ɗin kuma faɗin hudar ne, kashi 15 cikin 1,000 na inci.

Wanki

Da ka gama ake wankewa, takunkumi da safar hannu na jikinka. Juye ragowar fenti, zuba tina kaɗan a kofi, girgiza, ka tsiyaye ta ta baki cikin gwangwani mai murfi har ta fito fes. Fesa tina a sararin ɗaki da sunan wanki shi ne hazo mafi saurin kama wuta da za ka iya haɗawa. Cire tiyo, kwance hula, zare allura ta baya, sannan ka kwance nozul da sifanar da ta zo da bindigar. In ka kwance nozul allura na ciki, kana iya lanƙwasa tsininta. Hudojin hula da buroshi mai laushi ko tsinken itace ake share su, waya ko allurar ɗinki tana buɗa su, siffar feshin ta lalace har abada. Kada ka tsoma bindigar ɗungurungum a tina, robobin ciki za su bushe su fara yoyo. Wajen mayarwa nozul ne farko, sannan allura, ka ɗiga mata man bindiga mara silikon.

Gurɓatacciyar tina ba a zuba ta a magudana ko a ƙasa. Tara ta a gwangwani mai murfi, dattin zai kwanta, ta saman ta yi maka wankin farko a wani aikin. Tsummokaran da suka sha fenti mai mai, musamman man linsid, suna iya yin zafi su kama wuta da kansu in aka dunƙule su wuri ɗaya, don haka ka shanya su ɗai-ɗai a waje ko ka nutsa su a ruwa cikin bokitin ƙarfe mai murfi. Kada ka kaɗe ƙurar jikinka da iskar kwamfuresa. Kashe ta, tsiyaye tanki, ka bar mafitar iskar ɗakin a buɗe, domin fentin da ke bushewa yana ci gaba da sakin tururi na wasu awanni.